Littafin Laktantiyus A Kan Fushin Allah: Ƙarfinsa Da Rauninsa

A ƙasar Gozaki, cikin yankin Kafur, da sauran ƙasar noma ta Malumfashi da Funtuwa, idan damina ta yi gardama, dawa da masara suka fara naɗe ganye, akwai magana guda da ba ta daɗewa ba ta fito daga bakin mutane ba, watau wai fushin Allah ne. Musulmi su fita roƙon ruwa, Kirista su taru a majami'a, kowa yana neman gafara. Ƙasar Hausa kuwa ta sha ganin irin wannan rana: ta ga yunwar Kakalaba cikin 1914, ta ga farin 1973, ta ga na 1984.

To, amma cikin maganar nan akwai ƙulli. Musulmi da Kirista duka sun yarda Allah ba ya sakewa, yadda ya ke tun fil azal haka ya ke har abada. Fushi kuwa, yadda ɗan Adam ya san shi, sakewa ce tsantsa: zuciya tana kwance, sai ta tashi, jim kaɗan ta huce. Ƙaƙa za a ce wanda ba ya sakewa ya yi fushi, sa'an nan ya huce?

Kiristan ƙasar Gozaki, waɗanda galibinsu jikokin Maguzawa ne, suna iske wannan ƙulli cikin littafinsu. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aikin da Likita Mila na Wusasa ya sa hannu a ciki ƙwarai, aka kuma fito da sabuwar fassara cikin 1979. Mai karatu zai ga cikin Farawa, sura 6, an ba da labari Allah ya yi baƙin ciki da ya halicci mutum. Cikin littafin Yunusa zai ga Allah ya janye azabar da ya ambata wa mutanen Nineba bayan sun tuba. Amma in ya buɗe Littafin Ƙidaya, sura 23, ko Malakai, sura 3, sai ya tarar an tabbatar Allah ba mutum ba ne balle ya sake shawara. Malaman Kirista na farko sun yi ɗaruruwan shekaru suna fama da ayoyin nan. Ɗaya daga cikinsu ya keɓe littafi sukutum a kan batun, shi ne za a ɗora bisa sikeli a nan.

Mawallafin Da Zamaninsa

Sunansa Laktantiyus. Mutumin Afirka ta Arewa ne, an haife shi wajen shekara ta 250, zamanin da ƙasar ke hannun Rumawa. Ya yi karatu wurin wani malami mai suna Arnobiyus a garin Sikka, wanda ke cikin Tunisiya ta yau. Ya gwanance da harshen Latin har Sarki Diyokiletiyan ya kira shi birninsa Nikomidiya, a ƙasar Turkiyya ta yanzu, don ya koyar da fasahar magana. Yana can, cikin watan Fabrairu na 303, sarki ya sa aka rushe majami'ar birnin, aka shiga tsananta wa Kirista. Laktantiyus ya rasa aikinsa, ya sha talauci. Da zamani ya juya, Sarki Kustantin ya ba Kirista 'yancin addini cikin 313, sai ya ɗauke shi ya zama malamin ɗansa. Wajen wannan lokaci ne ya rubuta ɗan littafin da ya kira Fushin Allah, babi 20 da 'yan kai, ya aika wa wani abokinsa mai suna Donatus. Littafin ya yi farin jini daga baya: yana cikin kundin ayyukansa da aka buga a Italiya cikin 1465, ɗaya daga littattafan farko da injin ɗab'i ya fitar a ƙasar.

Dole mai karatu ya san da wa mawallafin ke ja. Masu ilmin Yunanawa da Rumawa sun ɗauki fushi cuta ce ta zuciya, suka ce aibi ne a jingina shi ga Allah. Laktantiyus ya kasa maganar kashi 4. Ko dai Allah yana fushi ba ya alheri, wannan kuwa ba wanda ya taɓa faɗa. Ko ba ya fushi ba ya alheri, yana zaune cikin ni'imarsa ba ruwansa da duniya, wannan ra'ayin Abikur ne, wani malamin Atina da ya mutu shekara 270 kafin haihuwar Almasihu. Ko yana alheri amma ba ya fushi, wannan ra'ayin mutanen Shirayi ne, waɗanda suka sami sunan sabo da malaminsu Zeno a wani shirayi ya ke koyarwa. Ko kuwa yana alheri yana kuma fushi, nan ne mawallafin ya kafa tutarsa.

Abin mamaki, malaminsa Arnobiyus yana wancan ɓangaren. Shi ya rubuta cewa duk abin da ke fushi yana girgiza, abin da ke girgiza yana jin zafi, abin da ke jin zafi kuwa mai lalacewa ne, mai mutuwa. Watau almajiri ne ya tashi ya rushe ginin malaminsa, ko da ya ke bai ambaci sunansa ba.

Inda Littafin Ya Yi Ƙarfi

Hujjarsa ta fari ita ce mafi nauyi, kuma ba ta bukatar dogon karatu. Ya ce so da ƙi tare su ke tafiya. Wanda ke son nagarta ba makawa ya ƙi mugunta, wanda kuwa bai ƙi mugunta ba, son da ya ke wa nagarta na baka ne. Ya kawo misalin maigida mai bara biyu, ɗaya amintacce, ɗaya maciyin amana. Idan maigidan ya sakar musu fuska daidai wa daida, ai ya cuci amintaccen. Manomin Gozaki da ya taɓa sa 'yan ƙodago a gonar auduga, wani ya yi noma tsakani da Allah, wani ya binne ciyawa da ƙasa ya karɓi kuɗi, ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan.

Hujja ta biyu ta shafi ibada da zaman jama'a. Ya ce idan Allah bai kula ba, me zai sa a roƙe shi? Wa zai ji tsoron rantsuwar ƙarya? Dokar sarki tana kama abin da ido ya gani, amma abin da aka yi cikin duhu sai tsoron mai gani cikin duhu ke hana shi. A nan ya bi sawun wani ɗan Afirka da ya riga shi, Tartuliyan na birnin Kartaj. Shi Tartuliyan, wajen 207, ya rubuta littafi 5 yana mai da martani ga Markiyon, wanda aka fitar daga ikilisiyar Rum cikin 144 sabo da ya ce Allah na Linjila alheri kaɗai ya sani, ba ya hukunci. Amsar Tartuliyan ita ce, wanda ya hana abu amma ba ya hukunta mai yinsa, a fakaice ya halatta shi ke nan.

Na uku, mawallafin ya yi ƙoƙarin tace fushi. Malaman dā sun ce fushi sha'awar ramuwa ce. Shi ya ce wannan fushin zalunci ne, akwai kuma na adalci, wanda ya bayyana da cewa motsin zuciya ne mai tasowa don a kwaɓe laifi. Ya kuma tsame wa Allah tsoro da hassada da kwaɗayi da sha'awa, don waɗannan na mai rauni ne da mai mutuwa. Ya bar masa uku: alheri, da fushi, da tausayi. Ya ƙara da cewa mutum fushi ke riƙe da linzaminsa, amma Allah shi ke riƙe da linzamin fushinsa, kuma ba turare ko yanka ke kawar da shi ba, sai gyaran hali.

Akwai wani labarin gona a littafin da ya nuna kaifin hankalinsa. Wani masani mai suna Arkitas, mutumin Tarentum, ya komo ya tarar wakilinsa ya bar gandu ya lalace. Ya gaya wa wakilin da ba don yana cikin fushi ba da ya yi masa dukan mutuwa, ya ƙyale shi. Mutanen dā sun yi ta yabon wannan haƙuri. Laktantiyus ya ce ba abin yabo ba ne, gama barori za su koyi darasi mummuna, watau in za ka yi ɓarna ka yi babba, yadda maigida zai fusata har ya kasa taɓa ka. Abin da ya kamata, in ji shi, Arkitas ya dakata har zuciya ta sauka, sa'an nan ya yi horo gwargwadon laifi. Haka kuma ya amsa wa masu tambayar abin da ya sa azzalumi ke daɗewa yana shan daɗi. Ya ce da Allah yana kama kowa nan take, da ba wanda ya saura a bayan ƙasa. Jinkirin dama ce ta tuba, amma alhaki kwikwiyo ne, mai shi ya kan bi.

Inda Ya Yi Tuntuɓe

Duk da haka, littafin bai kwance ƙullin da aka fara da shi ba. Mawallafin ya kira fushi motsi. To, abin da ya motsa ya bar wani hali ya shiga wani. Idan Allah jiya ba ya fushi da wane, yau wane ya yi sata ya fusata shi, gobe ya tuba ya huce, ashe ɓarawo ne ke juya halin Mahaliccinsa. Wannan shi ne ainihin abin da Arnobiyus ya ji tsoro, kuma almajirin ya ratsa ta gefensa bai tsaya ba. Ya dai ce tun da Allah madawwami ne fushinsa ma madawwami ne a kan masu dawwama cikin laifi, amma bai nuna yadda madawwamin abu ke farawa ran Talata ya ƙare ran Alhamis ba.

Tuntuɓe na biyu, mudun da ya yi awo da shi. Daga farkon littafin har ƙarshensa, Allah maigida ne irin na Rumawa, mai bayi da bulala. Misali abu ne mai amfani, amma kowane misali yana da inda ya tsaya. Maigida yana fushi don an ɓata masa dukiya, ko an zubar masa da girma a gaban mutane, ko an shammace shi. Allah ba a rage shi, ba a shammatarsa. In an cire hasara da mamaki da tafasar jini daga fushi, me ya rage wanda ya cancanci sunan? Tambayar da ya kamata littafin ya zauna a kanta ke nan, sai ya wuce da sauri.

Na uku, marubuci Kirista ne, amma da ƙyar ya buɗe littafin addininsa. Da ya zo kawo shaidu a babobin ƙarshe, sai ya ɗauko baitocin da a ke jingina wa wasu mata masu duba na zamanin dā, don su ne abokan gardamarsa ke girmamawa. Dabara ce ta mai jayayya, amma ta bar mai karatu Kirista hannu wofi game da ayar Farawa da ta Malakai. Haka kuma bai shiga babbar tambayar da ta dami ikilisiya bayansa ba, watau yadda za a ce Almasihu ya sha wuya alhali Allah ba ya shan wuya, batun da aka yi ta taro a kansa daga Nikiya cikin 325 har Kalsidon cikin 451. Ba banza ba Jerom, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki da Latin, ya yi fatan da ma Laktantiyus ya iya gina koyarwar addininsa kamar yadda ya iya rushe ta wasu.

Abin Da Wasu Suka Gani

Akwai 'yan Afirka biyu da suka cike wannan giɓi. Na fari Orijin na Iskandariya, a Masar, wanda ya rasu wajen 254. Shi ya ce Allah yana yi wa mutane magana yadda babba ke yi wa yaro, yana sassauta harshe daidai da hankalinsa, kuma malami ya kan ɗaure wa almajiri fuska alhali zuciyarsa lafiya lau. Ya kawo misalin rana: zafinta ɗaya ne, amma ta narkar da kakin zuma, ta busar da laka. Haka ruwan sama, shi ke tsirar da amfani, shi ke tsirar da ƙaya. Manomi ya san wannan, gama ruwan da ya raya dawa shi ya raya wuta-wutar da ke shanye ta. Bambancin yana ga ƙasa da abin da ke kwance cikinta.

Na biyu Agustin, limamin garin Hippo, wanda a ke kira Annaba a Aljeriya ta yau, ya rayu daga 354 zuwa 430. Cikin babban littafinsa Birnin Allah ya bayyana cewa fushin Allah ba hargitsin zuciya ba ne, hukunci ne da a ke zartar wa laifi. Da aka ce Allah ya sake shawara, abin da ya sake shi ne al'amarin da ke faruwa ga mutane, amma nufin Allah ya riga ya ƙunshi laifin da tuban tun fil azal. A wani littafin ya ce haske yana yi wa mai ciwon ido zafi, yana yi wa mai lafiyar ido daɗi, hasken kuwa bai sake ba.

Almajirin zaure a ƙasar Katsina ba zai ji wannan baƙon abu ba. Cikin Ummul Barahin na Shehu Sanusi, mutumin Tilimsan da ya rasu cikin 1490, littafin da malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna karantarwa, an lissafa sifofi 20 da suka wajaba ga Allah, cikinsu har da saɓawarsa da dukan fararrun abubuwa. Bisa ga wannan, malaman Ash'ariyya da yawa sun fassara fushin Allah da nufinsa na yin uƙuba, rahamarsa kuwa da nufinsa na yin ni'ima. Wasu malamai kuma suka ce a tabbatar da sifar yadda ta zo, kada a tambayi ƙaƙa ta ke. Ashe malamin zaure da mai koyon aikin katikis a Malumfashi tudu ɗaya su ke hawa, kowa ta fuskarsa.

Amma kada a yi gaggawar cewa Agustin ya kā da Laktantiyus ƙasa warwas. Idan fushi suna ne kawai na hukunci, ashe ƙauna ma suna ce kawai ta kyauta? Matar da ta binne ɗanta ba sikeli ta ke nema ba, mai ji ta ke nema. Orijin da kansa ya ji nauyin wannan, har cikin wani wa'azinsa a kan littafin Ezekiyel ya yarda cewa akwai wani irin ciwo da Allah ke ji, watau ciwon ƙauna. Nan ne hujjar Laktantiyus ta fari ke tsaye har yau. Mafita mafi kyau da malaman suka samu ita ce, rashin sakewar Allah ba irin na dutse ba ne wanda bai san ana yi ba. Irin na mai alkawari ne, wanda ƙaunarsa ga nagarta ta cika har ba ta da wurin ƙaruwa ko raguwa, mugu kuwa in ya ci karo da ita sai ya ji ta kamar wuta.

Haɗarin Da Ke Cikin Maganar

Saura abu guda, shi ne mafi shafar mai karatu. Laktantiyus ya rubuta wani littafi kuma, a kan mutuwar sarakunan da suka tsananta wa Kirista. A ciki ya bi su ɗaya ɗaya: Baleriyan, wanda Farisawa suka kama cikin 260, da Galeriyus, wanda ya mutu cikin 311 da mugun ciwo har tsutsa ta ci shi. Kowace mutuwa ya nuna ta da yatsa ya ce ga fushin Allah. Mutum zai fahimci zafin zuciyar wanda ya ga an kashe 'yan'uwansa. Amma sandar da ya ɗauka ita ce wadda aka doki mutanensa da ita. Tartuliyan ya ba da labari cewa a zamaninsa in kogin Nilu bai kawo ruwa gonaki ba, ko sama ta ƙi zubarwa, ko yunwa ko annoba ta faɗo, sai jama'a su ce Kirista ne suka fusata alloli, a jefa su ga zaki. Arnobiyus ma don ya kawar da wannan zargi ya rubuta littafinsa. Da aka ci birnin Rum da yaƙi cikin 410 zargin ya sake tasowa, shi ya sa Agustin ya ɗauki alƙalami. Fushin kaza ke nan, huce kan dami.

Wannan shi ne aibin auna Allah da mudun maigida. Wanda ya ɗauka fushin Allah irin nasa ne, nan da nan zai ɗauka abokan gabansa su ne abokan gaban Allah. A ƙasa irin ta Gozaki, inda Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya, su yi gayya tare, wani lokaci ma kakansu ɗaya, ranar da aka ce fari ya zo sabo da su wane, ranar ce zaman lafiya ya fara tsagewa. Farin 1973 bai tambayi addinin kowa ba. Ya bi tun daga Senegal har Habasha, ya ƙone gonar mai salla da ta mai zuwa majami'a da ta mai tsafi. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, mutum ya kan taka nasa ya hango na wani.

Hukuncin da ya dace da littafin Fushin Allah shi ne, ya ci rabin gardama. Ya tabbatar, da harshe mai daɗi da misalan da kowa zai gane, cewa Allah da bai damu da zalunci ba bai cancanci a roƙe shi ba. Ya kasa nuna yadda wannan damuwa ta dace da wanda ba ya sakewa, sai da Orijin da Agustin suka kama masa. Wanda ya karanta shi don ya binciki mudun da ya ke auna wa mutane hatsi, da iyakar gonar da ya tura cikin ta maraya, ya amfana. Wanda ya karanta shi don ya san gidan da zai nuna da yatsa in ruwa ya ɗauke, ya ɗauko abin da mawallafin kansa ya sha wuya a kansa cikin 303.